Muryar Da Ke Dawowa Ƙarfe Ɗaya

Da hantsin wata Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawar wani dattijo a gindin matakalar benensa. Kafin Sufeto ya isa, maƙwabta sun lulluɓe shi da zanen gado, sun kuma gama yanke hukunci a tsakaninsu: tsufa ne, ƙafa ce ta zame.

Marigayin tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa shekara biyu da suka wuce. Sufeto ya duba raunin da ke ƙeyarsa, sannan ya hau sama. A ɗan ɗakin da ke bakin matakalar akwai tebur da kujera da allon kwamfuta, amma ita kwamfutar babu ita. Da ma a cikin wani akwatin katako take, an ɗaure shi a ƙarƙashin teburin da sukurori huɗu. Duka huɗun an kwance su, an jera su reras a gefen teburin. Wayar marigayin na nan a kan kujera, ba a taɓa ta ba.

"Ka taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya jera sukurori?" Sufeto ya tambayi Saje.

'Yar marigayin ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta yi masa bayanin kwamfutar. Lokacin da mahaifiyarta take kwance a asibiti, ta riƙa naɗar muryarta a waya, tana ba da labarin rayuwarta. Bayan ta rasu, mijin ya tattara muryoyin da hotunanta ya haɗa shafin intanet. An ba shi shawara ya ajiye shafin wurin kamfani, ya ƙi, ya ce muryar matarsa ba za ta kwana a gidan baƙi ba. Daga kwamfutarsa ta gida shafin yake fita duniya, shi ya sa ba ya kashe ta. In aka kashe ta, shafin ya rufe ke nan. Tun yammacin Litinin kuwa ya daina buɗewa.

Bayan kwana uku 'yar ta shigo ofis da kayan aikinta a jiki.

"Yallaɓai, shafin Mama ya dawo."

Ta ce jiya ƙarfe ɗaya na rana ta taɓa shi, don hannunta ya saba, sai kawai ya buɗe. Ƙarfe biyu ya sake mutuwa. Yau ma haka.

Washegari Sufeto ya ajiye wayarta a kan teburinsa, suka zauna suna kallonta. Ƙarfe ɗaya da minti huɗu farin allon ya cika da fuskar wata mata mai tabarau. Ya danna, sai ga tari a hankali, sannan murya mai sanyi ta yi sallama, ta tambayi mai sauraro ya gida. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya ga gawa iri-iri, amma sai da tsigar jikinsa ta tashi. Saje ya matsa kusa da ƙofa.

Suka nemo mai gyaran kwamfutar da ya haɗa wa marigayin kayan, wanda 'yan unguwa suke kira Injiniya. Ya rantse rabonsa da gidan ya fi wata uku.

"Babur ɗin wa maƙwabta suka gani a ƙofar gidan da safiyar Litinin?" Sufeto ya tambaye shi.

Injiniya ya ce nasa ne, tsoro ne ya sa ya ɓoye, amma lafiya lau ya bar dattijon yana shan shayi. Ya je ne ya sauya layin wayar da ke cikin modem, wato 'yar na'urar da take maƙale a bayan kwamfutar. Da wannan layin take shiga intanet da kanta. Duk wanda ya jona ta da wuta, ko a ina yake, ya buɗe shafin ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Yana da kalmar sirrin shiga wurin da kwamfutar take rubuta duk abin da aka kunna. Da ƙarfe ɗaya ta sake zagayowa, ya shiga suna tsaye a kansa. Murya ta goma sha tara ce ake kunnawa, daga jikin kwamfutar kanta. Sau talatin da ɗaya cikin kwana huɗu.

Suka saurara. Marigayiyar tana magana ne a kan yayanta.

'Yar ta ce Kawunta ne, kafinta. Shi ya riƙe mahaifiyarta tun tana ƙarama. Sun ɓata ne ranar da marigayiyar ta ɗauke tsohuwarsu daga gidansa ta mayar da ita nata, tana cewa ba a kula da ita. Shekara shida bai yi mata magana ba, har ta rasu bai leƙa asibiti ba.

Da safe Sufeto ya sami kafintan a shagonsa yana kwance ƙofar wani kabad. Dogon mutum ne mai furfura, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce shi bai taka gidan surukin nasa ba tun rasuwar ƙanwarsa, kwamfuta kuwa ko kunna ta bai iya ba. Yana magana yana kwance sukurori, yana jera su ɗaya bayan ɗaya a bakin benci.

Sufeto ya yi masa ta'aziyya ya tafi.

Ƙarfe ɗaya da kwata suka dawo. Rana tsaka, lokacin hutun masu shaguna, titin cike da hayaniya, amma ƙofar shagon a saye take. Sufeto ya kara kunne. Daga can ƙuryar shagon wata mata tana magana, numfashinta na yankewa.

"Yaya, in ka ji wannan, ka sani ban riƙe ka da komai ba. Ni ce na yi maka magana a gaban mutane. Ina ta kallon ƙofa..."

Ya tura ƙofar. Kafintan na zaune a ƙasa cikin garin katako, ya jingina kansa da kwamfutar, an haɗa ta da wani tsohon talabijin. Bai tashi ba, bai kuma yi mamaki ba.

Bai ba su wahala ba. Ya ce wata guda da ya wuce wani abokin sana'arsa ya kunna masa wata muryar daban daga shafin, inda take kuka tana cewa Yaya bai zo ba. Daga nan duk inda ya wuce sai ya ga kamar ana nuna shi da baki. Ranar Litinin da yamma ya je ya ce a sauke shafin. Surukin ya ƙi, ya tare masa hanya a bakin matakala, yana cewa ya zauna ya saurari sauran tukuna. Shi kuwa ya ture shi don ya wuce.

"Na leƙa na ga ba ya motsi. Na ɗauko ta don in farfasa ta da guduma. Da na kawo ta nan, sai na ce bari in ji abin da yake so in ji, sau ɗaya kawai."

"Ba ka nema masa taimako ba?"

"A'a."

Saje ya sa masa ankwa. Muryar ta kai ƙarshe ta sake farawa da kanta, tarin nan, sallamar nan. A bakin ƙofa kafintan ya tsaya ya waiwayo.

"Yallaɓai, don Allah kada ku kashe ta."

Sufeto ya ce a kai shi mota. Kwamfutar shaida ce, dole ta tafi ofis, kuma ba za ta tafi a kunne ba. Ya durƙusa ya kama wayar wutar, ya tsaya yana jiran matar ta kai ƙarshen maganarta. Ta ja numfashi ta ce, "Yaya," sai ya ga in ya biye mata ba zai tashi ba. Ya zare.