Marasa Aure Kawai

Ranar wata Litinin da safe, layin masu neman aiki ya fito daga ofishin dillalan aiki na garin Cikarang har ya kai bakin kwata. Kowa da farar riga da baƙin wando ko siket, kowa ya rungume ambulan ruwan ƙasa mai ɗauke da takardunsa. Imas tana tsakiyar layin mata, tana ta maimaita karatun sanarwar da aka manna a ƙofa: mata, shekara sha takwas zuwa ashirin da huɗu, tsawo santimita ɗari da hamsin da biyar, marasa aure kawai.

Shekaru da aure ba su dame ta ba. Tsawon ne. Sau biyu ana mayar da ita gida a kan santimita ɗaya.

Wani saurayi a layin maza ya lura da yadda take ɗaga dunduniya tana saukewa. Ya ɗan karkato, ya yi ƙasa da murya, ya kira ta Neng, yadda ake kiran budurwa a nan.

"Neng, takalmi za su sa ki cire. Amma ba mai taɓa hijabi. Ki tattara gashinki ki ɗaure a tsakiyar kai."

Ta harare shi, ta mayar masa da Mas, yadda ake kiran namiji. "Ka taɓa zama mace ne, Mas?"

"Ƙanne mata uku gare ni, duk gajeru. Duk suna aiki."

Ta shiga bayi ta yi yadda ya ce. Da aka ɗora mata katakon awo a ka, sai ga ɗari da hamsin da shida. Ta fito ta tarar da shi a gindin bishiya yana jiranta, wai yana son ya ji sakamakon aikinsa. Sunansa Darsim, ɗan manoman albasa ne daga Brebes. Tun daga ranar take kiransa Mai Albasa, shi kuma yake kiranta Doguwa.

Dillalan suka tura ta masana'antar haɗa wayoyin mota, shi kuma wadda ke buga robar babur, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Kwantiragin wata shida ne, kamar na kowa. In ya ƙare ka mayar da bajon shaidar aiki, ka zauna gida mako biyu ko uku, ka sayi sabon ambulan ka koma layi.

Sau da yawa in tana aikin safe shi yana na rana. Abin da suke samu minti goma ne a tashar bas, lokacin da wasu ke fita wasu ke shiga. Sauran zancen a waya yake.

"Doguwata, na bar miki soyayyen tofu, awarar nan, wajen mai shayin ƙofa. Kada ki raba wa 'yan layin aikinku, na san halinki."

"Mai Albasa, na cinye ni kaɗai. Ƙafafuna sun kumbura yau, amma da na ga saƙonka na manta da su na minti biyar. Minti biyar fa kawai, kada kanka ya kumbura shi ma."

Haka suka ci kwantiragi uku. A na huɗu ya ce yana son ganin mahaifinta.

Mahaifin nata, Abah Oman, mai facin taya ne a bakin hanyar masana'antu, daidai inda gonar shinkafar mahaifinsa take a da. Mutum ne mai yawan tunani, irin wanda in 'yarsa ta yi lattin minti ashirin zai fito titi ya tsaya. Duk wanda ya haifi 'ya mace a wannan gari ba zai ga laifinsa ba. Kuma yana da wanda ya kwanta masa a rai: Yayat, shugaban layin aikin su Imas, ma'aikacin dindindin, wanda ke kawo babur faci ko da tayar ba ta yi komai ba.

Darsim ya zo ranar Lahadi bayan la'asar da wainar martabak a leda. Ya sumbaci hannun Abah, ya zauna a gefen tabarma. Abah bai tambaye shi asali ko dangi ba. Ya tambaye shi ko shi na kamfani ne ko na dillalai, da saura wata nawa, da shekara nawa yake cikin wannan hali. Darsim ya faɗi gaskiya: na dillalai ne, saura wata biyu, shekara biyar ke nan.

Abah ya daɗe yana juya kofin shayi. Sannan ya tuna masa cewa ranar da Imas ta yi aure katin shaidarta zai nuna mai aure, dillalai kuma ba za su sake tura ta ko'ina ba. Gida ɗaya, aiki ɗaya, shi ma na wata biyu.

Darsim ya yi murmushi, don ya zo da amsar wannan a shirye. Abokan hayarsa ne suka ba shi ita, bai ma faɗa wa Imas ba, yana son ya burge ta.

"Akwai hanya, Abah. A ɗaura a gaban malami da shaidu biyu, kada a kai ofis. Auren ya halatta, katinta kuma bai canza ba. Rabin 'yan masana'antarmu haka suka yi. In komai ya daidaita sai a rubuta."

Abah ya ajiye kofin a hankali. Ya miƙe ya shiga ciki. Daga bayan labule aka ji mahaifiyar Imas ta fashe da kuka. Imas tana tsaye da faranti a hannu, ta kasa ko kallon Darsim. Ya jira har aka kira magariba, ba wanda ya fito. Ya ɗauki hular babur ɗinsa ya tafi, yana ganin talaucinsa aka raina.

Kafin mako ya zagayo, odar masana'antarsu ta ragu, aka mayar wa dillalai da mutum arba'in, har da shi. Wata rana da yamma yana dawowa daga layi, ana ruwa, ya hango Imas a bayan babur ɗin Yayat. Bai san bas ɗinsu ce ta lalace ba. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ita kuma da ta ga shiru, sai ta fara tunanin ko matar ɓoye kawai yake so, da ya rasa ya janye.

Mako uku suka yi haka. Imas ta rame har Yayat ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ranar wata Juma'a, a lokacin hutun rana, ta zauna bayan masallacin masana'anta ta rubuta masa.

"Mas Darsim, na ce maka yayata Kokom ciwo ne ya kashe ta. Ban faɗa maka duka ba, don ba ma ambatar zancen a gida. Irin auren da ka faɗa aka yi mata, don kada ta rasa aiki. Da ciki ya zo ta riƙa ɗaure shi da zane a ƙarƙashin rigar aiki, tana tsayuwar awa goma sha biyu. A wata na bakwai ta faɗi a kan layin aiki. Ba ita ba jaririn, duka suka rasu. Mijin ya koma garinsu, ko sunansa babu a wata takarda. Abah ne ya ɗaura auren da hannunsa. Ba talaucinka ya kore shi daga tabarma ba. In ka gaji da ni ka faɗa min, zan iya ɗauka. Shirun ne ba zan iya ba."

Amsarsa ta zo kafin a buga ƙararrawar komawa aiki.

"Doguwata, ban gaji ba. Kunya ce da wauta. An sallame ni, na ga ki da Yayat, na ce ko Allah ya zaɓa miki wanda ya fi. Ki yafe min. Gobe zan je wurin Abah, kada ki faɗa masa."

Washegari da hantsi ya sami Abah a rumfar faci, yana tsoma tib a bahon ruwa. Ya durƙusa ya nemi gafara, sannan ya roƙi abu ɗaya: a kai shi kabarin Kokom. Abah ya ajiye tib ɗin. Ya goge hannu, ya ja ƙyauren rumfar.

Maƙabartar tana bayan katangar wata masana'antar fenti. Suka cire ciyawa tare, suka zuba ruwa da furanni, suka karanta Fatiha. A nan ne Abah ya yi maganar da bai taɓa yi da kowa ba, har da matarsa. Ya ce shi ma a lokacin ya ga dabara ce mai kyau. Ya ce ya ga tana tafiya da ƙyar, ya san dalili, amma ya yi shiru don ƙarshen kwantiraginta saura mako biyar.

"Mako biyar na jira," in ji shi. "Ni na haife ta, na tsaya ina jiran takardar wasu ta ƙare."

Darsim ya ce yana son a ɗaura a ofishin aure, a rubuta, a ba su littafi, a kira unguwa. Abah ya ce to sai su ci me, tunda ita za ta rasa aiki shi kuma ba shi da shi. Darsim ya ce ba shi da abin da zai nuna. Zai ci gaba da bin layi, in layi ya ƙi akwai gonar albasa, ba ta da yawa amma ba ta sallamar mutum.

Abah ya koma rumfarsa. Kwana huɗu yana faci yana kuskure, har ya mayar wa wani da taya bai hura ba. Yana tsoron yunwa ga 'yarsa, yana kuma tsoron ɗaya abin. A rana ta biyar ya kira Imas rumfa, ya yi mata zancen Yayat a fili: mutumin kirki, aikinsa ba ya ƙarewa, ba za ta taɓa bin layi ba.

Ta ce ta san Yayat mutumin kirki ne, shi ya sa ba za ta cuce shi ba.

"Aikin fa, Neng?"

"Abah, baɗi zan cika ashirin da biyar. Ko na yi aure ko ban yi ba, za su ce na tsufa. Shekara ɗaya ta rage min a wurinsu. Ba zan ba su Darsim a kan shekara ɗaya ba."

Abah ya juya baya kamar yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki. Daga can ya ce ta faɗa wa yaron ya turo iyayensa.

Ita da kanta ta kai bajonta ofishin dillalai. Matar da ke kan tebur ta san ta shekara biyu, ta ji tausayinta. Ta ba ta shawara a hankali cewa ta yi aurenta amma ta jinkirta canza katin, kowa haka yake yi, akwai gurbi a masana'antar waya wata mai zuwa. Imas ta gode mata, ta ajiye bajon, ta fito. Sai da ta kai tashar bas ta yi kuka, don tana son aikin, tana son 'yan layinsu, kuma ba ta san abin da za ta iya yi ban da haɗa waya ja da baƙa ba.

Mako biyu kafin biki dillalai suka tura Darsim masana'antar kwali a Karawang. Wata uku kawai. Ya turo mata hoton bajon.

"Wata uku ne, Doguwata. Ba yawa."

"Ya isa mu fara, Mai Albasa. Ka yi aski kafin ranar."

An ɗaura auren ranar Asabar da safe a ofishin aure na gunduma. Sadakin sallaya ce da kayan salla da Alƙur'ani. Mutanen Brebes sun zo da buhun albasa biyu, 'yan layin su Imas sun zo a motar haya ɗaya, har da Yayat, wanda ya tsaya a baya ya kuma tafi da wuri.

Abah ya riƙe hannun Darsim a kan tebur. Ya fara faɗin kalmomin bayarwa, da ya zo kan sunan 'yarsa sai muryarsa ta tsaya. Jami'in ya ce ya sha ruwa. Ya sha, ya sake farawa, ya kai ƙarshe. Darsim ya karɓa da numfashi ɗaya, shaidu suka ce ya ɗauru. Aka miƙa musu littafin aure biyu, na miji da na mata, suka ɗaga aka ɗauki hoto.

A gida, ƙarƙashin rumfar da ta tare rabin lungu, ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye neman gafara da albarka. Imas ta kifa goshinta a gwiwar mahaifinta. Ya dafa kanta. Ya yi musu addu'ar zaman lafiya da arzikin da ba ya yankewa, ya ce wa Darsim in abu ya yi tsanani kada kunya ta sake hana shi magana. Sannan ya sunkuyo daidai kunnen 'yarsa.

"In Allah ya kawo ciki, Neng, ki sa riga mai faɗi ki zauna a ƙofar gida. Kowa ya gani."

Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba, hawayenta suna jiƙa masa zane.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya abin da za su haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.