Kitse Cikin Tsoka

Ranar da Sabitu ya fara ganin Rahamatu, tana tsaye a garken gidansu a Kurfi, ta dafa tozon wani farin sa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Farkon shekarar 1984 ce, bayan daminar da ta yi gardama. Ko tsinken ɗanyar ciyawa babu daga nan har Birchi. Shi kuwa malamin dabbobi ne sabon fitowa daga makaranta, ya zo bisa babur daga ofishinsu na Dutsin-Ma.

"Malam, da rana ta yi sanyi sai ya riƙa karo da bango," ta ce. "Wata huɗu ina turkarsa. In na taso daga firamaren da nake koyarwa, sai ya ci sannan in ci."

Ya buɗe idon san ya duba. "Dundumi ne, Malama. Akwai wani sinadari, bitamin A, da dabba ke samu a ɗanyen ganye. Bana babu ɗanye. Allura ɗaya ta isa, in Allah ya so."

Allah kuwa ya so. Sabitu ya dawo duba sa, ya sake dawowa duba sa, har mahaifiyarta ta ce wannan sa ya fi hakimi samun gaisuwa. Kafin wata ya ƙare, Malama ta koma "Rahama tawa", Malam ya koma "Likitana".

Mahaifinta, Malam Tukur, mahauci ne, shekara talatin yana fawa. Daga Dutsin-Ma ake zuwa sayen balangunsa. Yana da bijimai uku a turke don Ƙaramar Sallah, lafiyarsu lau. Sabitu, don neman shiga, ya roƙi a bar shi ya riƙa yi musu allurar nan duk mako. Tsohon ya ce, "To, ku ne masu boko."

Jajibirin Sallah aka kayar da su. Malam Tukur ya yanki tsoka ya ɗaga ta a rana: ja wur, kamar ta san noma. Kitse na nan jibge ƙarƙashin fata, amma ko zare ɗaya bai ratsa cikin naman ba. Balangun bana ya fito a bushe, tsofaffin masu saye suka tauna suka yi shiru. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Mahmuda, ɗan wani dillalin shanu da ya daɗe yana neman Rahamatu, ya bi kasuwar shanu yana shela cewa allurar ɗan boko ta ƙone kitsen Malam Tukur. Ya kuma sa aka gaya wa Sabitu wai an tsai da ranar aurensa da Rahamatu.

"Kada in sake jin ƙarar baburin nan a ƙofar gidana," in ji tsohon.

Sabitu ya yi mako biyu abinci ba ya wuce masa. Sai ga Malama Kezia, abokiyar aikin Rahamatu da ke zuwa gida Dutsin-Ma duk Juma'a, ta miƙa masa takarda.

"Likitana, ba a tsai da ranata da kowa ba, kuma na ji haushi da ka yarda. Baba ba mugu ba ne, sunansa aka taɓa. Kai ka warkar mini da sa, kai kuma ka ɓata masa uku, duka biyun gaskiya ne. Ka san abin yi. Taka, Rahama."

Ya koma kan littattafansa, ya iske abin da ya tsallake a aji: in bitamin ɗin ya yi ƙaranci dabba ta makance, in kuma ya yi yawa lokacin turka, ya hana kitse shiga tsakanin tsoka. Ranar kasuwar Kurfi ya je rumfar Malam Tukur, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mahauta da masu saye.

"Baba, laifina ne. Na ga allura ɗaya ta yi magani, na ɗauka goma za su fi. Ban zo don a ba ni mata ba. Na zo ka koya mini abin da ba a koya mini ba."

Tsohon ya daɗe yana wasa wuƙa. "Kitse iri biyu ne, yaro. Akwai na ganin ido, akwai na ɓoye cikin tsoka, shi ke narkewa a wuta. Tun kakana mun san san da ke cin ɗanye har ranar yanka ba ya yin na biyun. Dalili ne ba mu sani ba. Je ka turke naka, wata shida, ka kawo mini."

Sabitu ya sayi ɗan maraƙi ramamme, ya ɗaure bayan ɗakinsa. Allura ɗaya tak ya yi masa da farko. Sauran kuwa Rahamatu ce malamarsa, ta hannun Kezia.

"Dusa da kowar wake da safe, tunkuzar gyaɗa da yamma, ɗan jiƙon kanwa. Harawar da ta bushe a inuwa ka ba shi kaɗan, don idonsa. Kai ma ka riƙa cin abinci, Kezia ta ce ka rame."

Ya amsa: "Rahama tawa, sa ya yi ƙiba, mai sa yana jiran a tausaya masa. Ko Baba ya ƙi ni, na gode Allah da ya haɗa ni da mai gaya mini gaskiya."

Da wa'adi ya cika, Malam Tukur ya yanka da hannunsa. Ya ɗaga tsokar gadon baya: ga fararen zare-zare sun ratsa ta ko'ina. Ya jefa yanki a wuta, ya tauna, ya miƙa wa abokan sana'arsa. Sannan ya juyo.

"Turo manyanka. Amma ka sani ba don naman ba ne. Mutumin da zai ce na yi kuskure a tsakiyar kasuwa, shi nake so ɗiyata ta zauna da shi."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar da hantsi, Kurfi ta cika. Da la'asar, motar amarya na shirin tashi, tsohon ya ja ango gefe. Muryar nan da ke cika kasuwa ta koma ƙasa-ƙasa.

"Tana da fushi, amma ba ta kwana da shi. In ta yi shiru, kada ka matsa mata, za ta faɗa da kanta. Ita kaɗai gare ni, Sabitu."

Sabitu ya matso kusa da shi. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Je ka, suna jiranka," in ji Malam Tukur, yana goge ido da bakin riga. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Daga cikin mota, ƙarƙashin mayafi, Rahamatu ta ce amin.