Wasiƙa Mai Adireshi Biyu

Ranar wata Talata da hantsi Safiya ta fara shiga shagon Mu'azu a Gyadi-Gyadi, inda yake buga wa mutane takardu a kwamfuta. So take makarantarsu ta ɗage mata karatu na zango ɗaya, don mahaifiyarta na kwance a asibiti. Ta miƙa masa abin da ta rubuto daga gida.

Ya karanta, ya ɗago yana murmushi. "Har da tambayar shugaban makaranta iyali da zafi?"

"To, ba mutum ba ne?"

"Mutum ne, amma ofis kike rubuta wa. Wasiƙar ofis ba ta gaisuwa. Adireshi biyu, kwanan wata, take, buƙata a taƙaice, sai sa hannu. Gaisuwa da hira sai wasiƙar zumunci."

"Ashe ofis ba shi da tarbiyya," in ji ta.

Ya yi dariyar da ya jima bai yi irinta ba.

Bayan mako shida mahaifiyar ta rasu. Mu'azu ya rufe shago, ya yi kwana uku yana zaman makoki a ƙofar gidansu a Tarauni, alhali ba wanda ya san shi a layin. Daga nan shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, sannu a hankali.

Wata rana ya tura mata saƙo: "Safiyata, kin ci abinci? Ko kaɗan ne ki daure ki ci, don Allah."

Ta amsa: "Na ci, Magatakardana. Yau na ɗora girki na auna da Umma a ciki, sai da na sauke na tuna."

Da shekara ta zagayo, mahaifinta Malam Ibrahim kafinta ya ce duk mai son ta ya turo magabatansa. Murtala, ɗan maƙwabcinsu mai sayar da tayil na daɓen ɗaki, shi ma yana son ta, tuni nasa suka zo gaisuwa. Malam ya ce bayan Sallah zai ba da amsa.

Mu'azu ba shi da wanda zai tura. Sai ya yi abin da ya iya. Ya buga wasiƙa mai adireshi biyu, ya ce "Yallaɓai", ya sa take da manyan baƙaƙe, NEMAN AUREN SAFIYA, ya jera shekarunsa da sana'arsa, ya rufe da "Naka mai biyayya". A ganinsa iyakar girmamawa ke nan.

Malam Ibrahim ya karanta a tsakar gida, ya kira 'yarsa.

"Safiya, gurbin aiki na tallata? Ba ƙin yaron nake ba, na gan shi a zaman makoki. Amma ran da ya ɓata miki, wa zan kira? Ambulan ɗin wasiƙar? Uwarki ba ta nan, ba zan miƙa ki ga mutumin da ba shi da kowa a bayansa ba."

Ta tura wa Mu'azu: "Ka kunyata ni a gaban Baba. Idan ba da gaske kake ba, ka faɗa min kawai."

Bayan la'asar ya zo zaurensu, ya zauna kansa a ƙasa.

"Ina da magabaci," ya ce. "Baffa Ɗahiru, ƙanin mahaifina, a ƙauyenmu wajen Sumaila. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida. Da na girma muka saɓa a kan gonar da babana ya bari. Wasiƙar farko da na taɓa rubutawa ta ƙararsa ce wajen dagaci. A ciki na kira shi 'wani mutum mai suna Ɗahiru'. A gaban jama'a aka karanta."

"Gonar taka ce?"

"Tawa ce, an kuma ba ni. Abin da ke hana ni barci ke nan, Safiya. Ban yi ƙarya ko ɗaya a takardar nan ba, amma shekara bakwai ba ya ɗaga wayata."

"Ka rubuta masa," ta ce. "Ba da kwamfuta ba. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali da zafi."

Mutumin da ke gama takardar ofis cikin minti goma sai da ya yi kwana huɗu a kan shafi ɗaya.

"Baffa, ina yini? Ya Inna, ya ƙafarka da ke damunka da damina? Ni ne Mu'azunka, wanda kake goyawa zuwa kasuwar Laraba. Na kira ka wani mutum a gaban jama'a, alhali kai ne ubana. Na sami yarinyar da nake so, an ce in kawo magabaci. Ba don haka kaɗai na rubuto ba, amma ba zan ɓoye maka ba, shi ya ba ni ƙarfin hali. Ko ba ka zo ba, ka yafe mini."

Ya ba wani direban garinsu. Mako biyu shiru. Sallah ta wuce, 'yan'uwan Murtala suka sake zuwa tuni.

Ran nan da safe sai ga Ashiru, babban ɗan Baffa, a ƙofar shago tare da dattawa biyu.

"Baffa wata huɗu yana kwance," in ji Ashiru. "Sau uku ya sa na karanta masa. Ya ce mu zo mu nema maka, kai kuma ka zo ya gan ka."

Da suka isa Tarauni, Malam Ibrahim ya shimfiɗa musu tabarma da hannunsa. Da ya ji bayani ya ce, "Yaron da ya iya komawa ya ba ubansa haƙuri zai iya ba matarsa. Na ba shi."

Da aka sa ranar aure, Mu'azu ya tafi ƙauye, ya iske Baffa ya rame, magana da ƙyar. Tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka makara, ɗan nan, amma ka zo. Ko na tafi kada a ɗaga ranar."

Saura kwana tara a ɗaura aure ya rasu, kuma ba a ɗaga ba. Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Tarauni, Ashiru ya karɓa wa ƙaninsa. Ba kiɗa, ba taro.

Da aka kai amarya ɗakinsu a Darmanawa, mata suka watse, Mu'azu ya zauna a bakin ƙofa hawaye na zuba.

"Angona," ta ce, "jibi ka kai ni ƙauye. Inna matar Baffa na takaba, ni kuma na san yadda gida yake idan an fitar da mutum. In zauna da ita ko mako guda ne."

Ya gyaɗa kai, ya share hawayensa.

Allah Ya jiƙan waɗanda ba su ga ranar ba, Ya ba Mu'azu da Safiya zaman lafiya da zuriya mai albarka.