Waɗanda Suka Zo Beli a Kwarin Ɗinya

Ku matso nan kan tabarma. Ke Lantana, kashe tocilar nan, ba a jin irin wannan labari da haske a ido. Kowa ya yi bismilla a ransa. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. Wani ɗan sanda ne abin ya faru da shi, Kofur Ilu, lokacin da yake aiki a Kwarin Ɗinya.

Kwarin Ɗinya ƙauye ne a bakin daji. Caji ofis ɗinsu bai fi zauren gidan nan ba: kanta a gaba, benci ɗaya, sai ɗakin tsare mutane a baya mai ƙofar ƙarfe. Mai faɗa a ji a wurin shi ne Saje Mamuda, wani gajere kakkaura, wanda hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ilu kuwa mutum ne mai sanyi. Bai taɓa marin kowa ba. Amma kuma bai taɓa hana a mari kowa ba. Da Saje ya fara, sai Ilu ya sunkuya ya hau goge takalminsa.

A lokacin akwai wani tela a tsare, sunansa Sallau. Bai yi komai ba. Ƙanensa ne ya fasa wa wani kai a kasuwa ya gudu, Saje ya je shago ya ɗauko wan daga kan keken ɗinki. Ya ce masa, "Ranar da ƙanenka ya zo, ranar za ka fita." Kullum matar Sallau sai ta kawo tuwo, ta tsaya bakin kanta, ta yi ta kallon rubutun jikin bango mai cewa beli kyauta ne, sannan ta juya. Ilu ya san doka ta hana a kama wani a madadin wani. An koya musu tun a makarantar horo. Ya sani, ya yi shiru da bakinsa.

Wani dare na damina, ruwa ya ɗauke bayan isha, suka fita sintiri su biyu a ƙafa. Suka tsaya bakin gadar da ke ƙarshen gari. Ƙasa duk taɓo. Kwaɗi sun cika kwarin da kuka, har mutum ba ya jin abokin maganarsa.

Sai kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Ilu ya ɗaga tocila. Ga mutum nan yana tahowa daga wajen daji. Dogo ne, da farar riga har ƙasa, da 'yar jakar fata a kafaɗa. Ba ya sauri. Taɓon nan ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.

Saje ya daka tsawa. "Kai! Tsaya nan! Kawo jakar."

Mutumin ya tsaya. Ya ce, "Sannunku da aiki. Kafin in ba ka jakata, wane ne kai?"

"Ba ka ga kaki ba?"

"Kaki ko ɓarawo yana kai wa tela. Nuna mini shaidarka, ka faɗa mini abin da kake zargina da shi, sai ka duba."

 Ba maganar ce ta tsorata Ilu ba, don gaskiya mutumin ya faɗa. Muryar ce. Leɓen mutumin yana motsi a gabansu, amma sautin sai ya makara, ya fito ta bayan kunnen Ilu, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Ya saukar da tocila a hankali zuwa ƙasa. Ya ga ƙafafun. Dunduniya ce a gaba. Yatsun suna kallon daji.

 Ya ja hannun Saje. "Oga, mu ƙyale shi ya wuce."

"Tsoro kake ji? Kawo ankwa."

"Oga, don Allah duba..."

"Na ce kawo ankwa!"

Ilu ya ciro ta daga ƙugunsa. Mutumin ya miƙa hannuwansa da kansa. Ya ce, "Me na yi?"

Saje ya ce, "In mun je ka ji."

Suka taso shi a gaba. Ilu na baya, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya haska taɓo. Sawun Saje na nan ya nufi gari. Sawun baƙon kuwa, duk wanda ya gani zai rantse mai shi daji ya koma.

A ofis fitilar ƙwai ce ke ci a kan kanta. Baƙon ya tsaya a gabanta. Inuwar Saje ta faɗa bango, ta Ilu ma haka. Ilu bai ƙara duba bangon ba.

Baƙon ya ce, "To, mun zo. Mene ne laifin?"

"Yawon dare."

"An sa dokar hana fita ne?"

"Ni ne doka a nan."

"A'a, yallaɓai. Kai ma'aikacinta ne. Tun da ka tsare ni, ka bar ni in sanar da dangina inda nake. Wannan haƙƙina ne."

Saje ya ɗauke shi da mari. Ƙarar ba ta fito ba. Sai Saje ya dubi tafin hannunsa, ya goge a wando, ya sa shi a hammata kamar wanda ya taɓa ƙanƙara.

Baƙon ya ce, "Ka hana ke nan?"

"Na hana."

"Shi ke nan. Za su ji da kansu."

Aka tura shi ɗakin baya wajen Sallau, ko ankwar ba a cire masa ba. Saje ya rataya makulli a ƙugu, ya miƙe kan benci, ya rufe fuska da hula.

Ilu ya kasa zama. Ya je ƙofa, ya dawo. Ya zauna, ya tashi. Zuciyarsa na ce masa ya gudu gida, ƙafarsa ta ƙi, don duhun waje ya fi na ciki. Can ya ɗebi ruwa a randa ya kai bakin ƙofar ƙarfe, ya miƙa ta tsakanin sanduna. Baƙon ya karɓa da hannu biyu, bai sha ba, ya ba Sallau.

Ilu ya ji baƙon yana tambayar Sallau a hankali. "Bawan Allah, kai me ka yi?"

Sallau ya ce, "Ƙanena ne ya yi faɗa."

"Kai fa?"

"Ni ɗinki nake yi."

Baƙon ya ba ƙofa baya a lokacin. Jikinsa bai motsa ba. Kansa kaɗai ya juyo, har fuskar ta fuskanci Ilu.

"Kofur, haka dokarku ta ce?"

Ilu ya ce, "A'a."

"To?"

 Ilu ya koma bayan kanta.

Dare ya raba. Karnukan gari suka fara haushi daga wajen gada, gida bayan gida, abin na matsowa. Sai suka koma kuka ƙasa-ƙasa. Sai suka yi shiru. Harshen fitila ya kwanta gefe guda, alhali ko iska babu. Wani ƙamshi ya shigo, kamar na ƙasar da aka tona sabuwa.

"Salamu alaikum."

Tsohuwa ce a bakin ƙofa, ta lulluɓe da baƙin zane, tana dogara sanda. Ilu ya amsa. Bai yarda ya dubi ƙafarta ba.

Ta ce, "Ɗana, mun zo belin ɗanmu."

Saje ya ɗaga hula daga fuska. "Wane irin beli da tsakar dare? Ki dawo da safe. Kuma kar ki zo hannu rabbana."

Tsohuwa ta nuna bango da sanda. "Ni ban yi boko ba. Wancan rubutun me ya ce?"

"Fita ki ba ni wuri! Ke da wa kuka zo da za ki ce mun?"

"Leƙa mana."

Saje ya figi tocila ya haska waje. Ilu na bayansa, ya gani shi ma.

Filin gaban ofis ya cika. Har kan hanya, har gindin katangar makaranta. Suna zaune sahu-sahu, kamar masu jiran a fito da gawa. Wasu a zaunen ma kansu ya kai indararo. Wasu ba su fi turmi ba. Babu mai tari, babu mai motsi. Hasken tocila ya bi ta kansu, ko ɗaya bai ƙifta ido ba.

Saje ya ja da baya ya rarumi bindiga. Ya ja kunamar, ta ƙi. Ya sake ja, ta ƙi. Ta zame daga hannunsa ta faɗi.

Tsohuwa ta ce, "Ba faɗa ya kawo mu ba. Mu ma muna da hukuma, mun san girmanta. In ɗanmu ya yi laifi, ku faɗa, mu tafi mu bar muku shi. In bai yi ba, ku ba mu abinmu."

 

Ilu bai san lokacin da ya miƙa hannu ba. Ya zare makulli daga ƙugun Saje, ya nufi baya. Makullin ya yi ta kuskure rami kafin ya shiga. Ƙofa ta buɗe.

Ya ce, "Malam, fito. Ba ka da laifi. Ka yi haƙuri."

Baƙon ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Bai fito ba. Ya zuba wa Ilu ido kawai. Can ƙuryar ɗakin Sallau ya takure, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, yana ta salati.

Ilu ya gane. Ba wanda ya ce masa komai, amma ya gane.

Ya ce, "Sallau, kai ma tashi ka tafi gida."

A nan Saje ya ɗaga murya. "Ilu! Ka sake shi, ka bar aikin nan!"

Ilu ya juyo. Tunda suke tare bai taɓa duban ƙwayar idon Saje ba sai ranar. Ya ce, "Oga, doka ba ta ba mu shi ba. Gobe ni da kaina zan je hedikwata in faɗa."

Sai baƙon ya tako waje. Ya zare hannuwansa daga cikin ankwa kamar mai fito da su daga ruwa. Ankwar na nan a kulle. Ya ɗora ta a tafin Ilu, ta yi sanyi har ƙashi. Ya ce, "Ga kayanka. Na gyara maka ita."

Mutanen waje suka dare biyu, suka ba Sallau hanya. Ya bi ta tsakiyarsu ido rufe, ba takalmi, bai waiwaya ba har gida.

Tsohuwa ta juya ga Saje. "Kai kuma, ana son ganinka a wajenmu."

"Ni? Me na yi?"

"In mun je ka ji."

Ilu ya ga ƙafafun Saje sun fara tafiya, shi kuwa mai su yana riƙe kanta, yana riƙe ƙyaure, yana kiran sunan Ilu. Ya fita. Fitila ta mutu. Kafin Ilu ya lalubo ashana, kwaɗi sun ci gaba da kukansu, filin kuma fayau, sai taɓo.

An yi ta neman Saje Mamuda. Daga baya wasu makiyaya suka tsince shi a kogon wata kuka, can nesa cikin daji. Yana raye. Ba a taɓa lafiyar jikinsa ba, ko ƙwarzane babu. Ya ce kullum ana kawo masa abinci da ruwa, sai dai duk wanda ya tambaya yaushe za a sake shi, ba ya amsawa. Ya haɗa wuyan hannayensa wuri ɗaya, ba igiya ba ƙarfe, amma ƙarti suka kasa raba su. Sai da malamai suka daɗe a kansa. Bai sake sa kaki ba.

Ilu kuwa ya je hedikwata ya faɗi maganar Sallau kamar yadda ya ce. Sauran labarin ya bar wa cikinsa. Ya ci gaba da aiki, da ankwarsa a ƙugu.

Ba a jima ba ya gane gyaran da aka yi mata. In aka kawo ɓarawo na gaske, tana taɓa hannunsa za ta ce ƙaras. In kuwa mutum ba shi da laifi, ko za a kwana ana dannawa ba za ta kama ba. Manyansa suka ce ta lalace, ya karɓi sabuwa. Ya ƙi. Saboda ita ya yi ta samun saɓani da su, aka yi ta jefa shi daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Matarsa ce ta ba innarmu ƙarshen labarin. Ta ce wani dare ta farka ta gan shi zaune bakin gado, ya daɗe yana juya ankwar a hannu. Can sai ya ɗora ta a kan wuyan hannunsa na hagu, a hankali, ko dannawa bai yi ba.

Ankwar ta ce ƙaras.

Ya zauna a haka har aka kira assalatu, hawaye na zuba. Da gari ya waye ya hau mota zuwa Kwarin Ɗinya, ya je shagon Sallau, ya durƙusa a gaban keken ɗinki ya roƙi gafarar kwanakin da ya yi shiru. Sai da Sallau ya ce ya yafe, sannan makulli ya yarda ya juya.

To, kun ji. In ɗan sanda ya tsayar da ku, kar ku gudu, kar ku yi zagi. Ku gaishe shi, ku tambayi laifinku, ku ce a bar ku ku sanar da gida. Kai kuma Bashari, da kake cewa kaki za ka sa in ka girma, ka riƙa duban ƙafar mutum kafin ka ɗaga masa hannu. Gadar Kwarin Ɗinya kuwa, ko da rakiyar bindiga kar wanda ya bi ta bayan isha, balle shi kaɗai.

Ku tashi ku kwanta. Wanda zai zaga bayan gida, ya tafi da ɗan'uwansa.