Takunkumin Motar Auta

Da hantsi aka kira Sufeto, aka ce wata mota ta ƙwace a kwanar bayan gada. Ko da ya isa, an riga an ɗauke gawar. Abin da ya rage ƙarfen jar mota ne a naɗe jikin ginshiƙin siminti, sai warin fetur, sai 'yan kallo suna ta ɗaukar hoto da waya ko kunya babu.

Motar irin waɗanda ake shigowa da su daga waje ce, masu turbo, waɗanda in ka taɓa totur sai ka ji an manna ka da kujera. Sufeto ya leƙa ta tagar da ta fashe. Allurar maleji ta ƙame a sama da ɗari biyu. Saje ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya zaro wani gidan tabarau na fata, ya jefa shi a leda tare da sauran tarkace.

Mamacin autan wani ɗan kwangila ne, kowa Auta yake ce masa. Kafin Sufeto ya koma ofis, uban ya riga shi isa. Alhaji gajeren mutum ne mai babbar murya, irin waɗanda ko a caji ofis ba sa jira a ce su zauna.

"Da kaina na kai motar nan aka sa mata takunkumi a ƙwaƙwalwa," in ji shi, yana buga tebur. "Ba ta wuce ɗari da ashirin, ko tsayawa ka yi a kan totur. Bakaniken da ya sa shi ne ya cire wa yaron a ɓoye. Na sa an kawo muku shi, yana bayan kanta."

Oga, shugaban ofishin, ya ce kafin ƙarshen mako yana son ganin bakaniken a gaban alƙali. Sufeto ya tsani irin wannan aiki, a kawo maka mai laifi a dafe, a ce kai dai ka sa hannu.

Likita ake kiran bakaniken, don ƙwaƙwalwar mota kawai yake gyarawa. Yana zaune a ƙasa, ido ɗaya a kumbure.

"Auta ya taɓa zuwa wurinka a kan takunkumin nan?"

"Bai taɓa ba, Yallaɓai."

"In kira maƙwabtan garejinka in tambaye su?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Ya zo. Ya zo ya fi a ƙirga. Ya yi roƙo, ya yi zagi, ban cire ba."

"To me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Tsoro. Kuma ni na san yadda yake tuƙi. Yaron nan ba ya kallon maleji, Yallaɓai. Danna totur yake har ƙasa, ya bar ƙwaƙwalwa ta riƙe masa motar. Haka ƙafarsa ta saba. Da ya san an cire, da ya ɗaga ƙafa kafin kwana. Wanda ya cire bai gaya masa ba, shi ya kashe shi." Ya share hanci da bayan hannu. "Ku duba notunan akwatin ƙwaƙwalwar. In na gama aiki ina ɗiga musu jan farcen matata, don in an buɗe bayana in gane."

A filin ajiye motocin haɗari Saje ya ciro akwatin ƙwaƙwalwar. Jan farcen yana nan, amma a tsattsage a kan kowane noti. A ciki, an yanke wayoyi an haɗa, an naɗe su da tef rawaya.

Saje ya yi tsaki. "Wannan hannun Gwani ne. Duk garin nan shi kaɗai ke naɗa rawaya, wai don a san shi ya yi."

Kafin su je wurin Gwani, Sufeto ya biya ta gidan rasuwa. Hajiya, uwar Auta, tana ɗakinta, rigarsa a kan cinyarta. Ba ta kuka, kuma hakan ya fi kukan ciwo a wurin Sufeto.

"Babur mai gudu ya so," ta ce. "Ni na hana. Na ce ya karɓi motar, tunda ubansa ya ɗaure masa ita."

"Akwai mai tuƙa ta ban da shi, Hajiya?"

"Babu. Ran Lahadi ma ba ya taɓa ta, barci yake har rana ta take. Sai dai duk Litinin sai ya yi ta mita, wai an matso masa da kujera gaba, gwiwarsa na dukan sitiyari. Ya ce maigadi ne. Maigadin da ko keke bai iya ba."

"Dogo ne Auta?"

"Sai ya sunkuya yake shigowa ƙofar nan."

"Yana sa tabarau?"

"Idonsa garau."

Sufeto ya yi mata gaisuwa ya fito, ransa a ɓace. Ya fara hango inda hanyar ta nufa, kuma bai so ba.

Gwani yana ƙarƙashin rumfar garejinsa yana shan lemo. Ya rantse bai taɓa ganin jar motar ba. Sufeto ya ajiye akwatin a kan benci, kusa da wani curin tef rawaya da ke rataye a ƙusa.

"To, na tuna," in ji Gwani. "Shi marigayin ne ya kawo."

"Madalla. Marigayi ba zai ƙaryata ka ba. Saje, sa masa ankwa, ya je ya karɓi Likita a sel."

Gwani ya ajiye kwalbar lemo. "Dakata, Yallaɓai. Dattijo ne ya kawo, wata Lahadi da safe. Ya shigo yana huci. Wai wani yaro a wata tsohuwar akwala ya wuce shi a babban titi, ya yi masa hon, har da ɗaga masa hannu. Shi kuma ya taka, ya taka, mota ta ƙi. Ya ce ba zai sayi mota irin wannan ba a mai da shi abin dariya."

"Ka ce masa ya gaya wa mai tuƙa ta?"

"Wallahi na ce. Ya ce zai ɗana ta sau ɗaya ya dawo a mayar. Bai dawo ba."

A falonsa Alhaji ya karɓe su, yana tambayar ko an kai Likita kotu. Sufeto ya miƙa masa bayanin da ya bayar da safe, ya ce ya karanta ya sa hannu. Alhaji ya nisanta takardar da fuskarsa, ya matso da ita, ya laluba aljihu.

Sufeto ya zaro gidan tabarau daga leda ya miƙa masa.

"Yawwa, na gode, kwana da kwanaki ina neman…" Ya riga ya maƙala shi a hanci kafin ya yi shiru.

"A ƙarƙashin kujerar direba muka same shi, Alhaji. Gwani kuma yana cikin motarmu a waje."

Babbar muryar nan ta ɓace. Abin da ya fito daga bakinsa da ƙyar ake ji.

"Ni na yi ta yi masa faɗa a kan gudu. Da wane baki zan ce masa ni ma ina satar motarsa ina tsere da yara? Na ce gobe zan mayar, gobe zan mayar." Ya cire tabarau ya riƙe. "Sufeto, a bar maganar nan. Ƙaddara ce. A saki Likita, zan kula da shi."

"Da safe ba ka ce ƙaddara ba. Da safe mutum ka kawo mana, ido a kumbure. Yanzu haka abokan Auta sun farfasa masa gareji, matarsa ta kwashe yara ta gudu gidan iyayenta."

Alhaji ba Sufeto yake kallo ba. Hajiya tana tsaye a bakin labule, rigar tana hannunta. Babu wanda ya san tun yaushe take wurin.

Saje ya kama hannun Alhaji ya miƙar da shi. Da suka zo wucewa ta gabanta ya tsaya, ya buɗe baki, amma ta riga shi.

"Yau da safe da zai fita na ce gabana yana faɗuwa," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "Kana zaune a kujerar nan. Ka ce in kwantar da hankalina, motar a ɗaure take."

Ta matsa gefe ta ba su hanya.