Jana'izar Malam Tanimu

Munduwar da ke hannun Baba Cindo ta yi ƙara sau biyu, sai ƙofar ɗakinsa ta kulle kanta.

Ma'aunin-zuci ake kiran munduwar. Tana sauraren bugun zuciyar mutum da numfashinsa da abin da ya fito daga bakinsa, ta aika wa babbar na'urar asibitin ƙwaƙwalwa na Sabon Birnin Tudu, ita kuma ta tantance wanda ke gab da halaka kansa. Tun da magunguna suka fara kai mutane shekara ɗari da ashirin, tsofaffin da duniya ta ishe su suka yawaita, aka ware musu hawa na talatin.

Baba Cindo tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekararsa ɗari da bakwai. Bayan rasuwar matarsa ya ƙaurace wa abinci, ya ce wa jikarsa ba ya fatan ganin wata damina. Da gaske yake, shi ya sa aka kawo shi. Malam Tanimu na ɗakin kusa ne ya dawo da shi hayyacinsa. Kullum bayan La'asar suna dara, kowa na zargin ɗan'uwansa da ha'inci.

Da safiyar nan Malam Tanimu ya cika. Ƙarfe biyu za a sallace shi a harabar asibitin.

Baba Cindo ya yi alwala, ya sa farar riga, ya danna ƙararrawa. Nas Lantana ta zo ta tsaya bayan gilashi. Ta shaida masa ma'auninsa ya hau ja, kuma na'ura ta ce ganin gawa zai ƙara masa haɗari. Lantana ta roƙi likita, likita ya ce doka ba ta ba shi ikon buɗewa ba.

"'Yata, baƙin ciki nake yi, ba mutuwa nake nema ba," in ji shi. "Abokina ne."

"Na sani, Baba. Na'urar ce ba ta san bambancin ba."

Ta tagar da ba ta buɗuwa ya hango sahun masu sallar jana'iza can ƙasa. Ya fuskanci alƙibla, ya yi kabbara huɗu shi kaɗai.

Daga ranar ya gane duk abin da ya furta shaida ce a kansa. Ya daina hira, ya daina kuka, abin da aka miƙa masa ya haɗiye. Bayan wata uku na'ura ta sa shi cikin waɗanda suka warke, hukumar asibiti ta yi bikin cika shekara bakwai ba wanda ya halaka kansa.

Lantana ce ta kawo masa takardar sallama. Sau uku ta kira sunansa kafin ya ɗago kai.