Guntun Ƙarshe a Farantin Arlene

Ranar Godiya ce, bikin Amurkawa na ƙarshen Nuwamba, gidan Madam Arlene Halvorson ya cika da dangi har babu wurin ajiye ƙafa. An ci talo-talo an ƙoshi, maza sun sassauta bel, sannan aka fito da farantin lefse, gurasar dankalin nan mai laushi da Arlene ke murzawa da hannunta duk shekara. Nan da nan saura ɗaya.

To, a wannan yanki na Minnesota ba a cin guntun ƙarshe. Raba shi ake yi a bar rabi, na gaba ya raba rabin. Akwai liyafar da aka yi ta raba guntu ɗaya har sai da uwargida ta sa tabarau kafin ta gan shi, kuma ko a nan wani tsoho ya nemi a miƙo masa wuƙa.

Dalva ba ta san da wannan ba. Wata tara ke nan da zuwanta daga Recife ta ƙasar Brazil, tana rainon tagwayen Britta, 'yar Arlene, irin zaman nan na shekara guda da ake ce wa yarinya "ke 'yar gida ce" sannan a manna mata jadawalin aiki a jikin firji. Ta miƙa hannu ta ɗauki lefsen sukutum, ta shafa man shanu, ta barbaɗa sukari, ta naɗe ta kai baki.

Duk falon aka zuba mata ido.

"Kai, Madam Halvorson, abin nan ya yi daɗi! Akwai saura a kicin?"

Arlene ta yi murmushi. "To," ta ce, "wannan kuma sabo ne." A bakin matan garin nan, wannan magana daidai take da mari.

Nels, autan Arlene, ya sunkuyar da kai. Shi ne direban motar makarantar da ke ɗaukar tagwayen, kuma a bakin titi soyayyarsa da Dalva ta tsiro, minti biyu kowace safiya, har iyayen layin gaba suka fara ƙorafin motar tana makara. Yau ya shirya gaya wa dangi. Ya haɗiye maganar da ruwan shayi.

Amma uwa ba ta jiran sanarwa. Ranar Litinin Arlene ta dira gidan Britta. Dalva tana ɗakin wanki tana naɗe kayan yara, ƙofa a buɗe. A jikin firji akwai fom ɗin ƙarin shekara. In Britta ba ta sa hannu ba, ƙarshen Fabrairu Dalva za ta hau jirgi.

"Yarinyar da ta cinye guntun ƙarshe a gaban mutum goma sha bakwai, me za ta bari?" in ji Arlene. "Yau lefse, gobe ɗana, jibi takardar zama."

"Mama, gurasa ce fa!"

"Hali ne. Kada ki kuskura ki sa hannu a takardar nan."

"To wa zai riƙe mini yaran? Ita kaɗai suke ji wa magana."

"Ai da ba ta zo ba sun rayu."

Britta tana shugabantar mutum talatin a ofis, amma gaban uwarta shekararta tara. Ta cire fom ta tura cikin durowa, ƙarƙashin cokula. Dalva kuwa ta yi kukanta a cikin safar yara, ta sake sa su a injin busarwa.

Da yamma Nels ya ji labari, ya zo wurin Dalva kamar zai tashi sama.

"Ɗauko rigar sanyinki mu je kotu a ɗaura mana aure. Minti goma ne!"

"In tabbatar mata da maganarta ke nan? A'a."

"Dalva, don Allah..."

"Kai me ya hana ka gaya mini ba a cin guntun ƙarshe? A gidanmu in ka bar abinci a faranti ka zagi mai girki. Kakata da ludayi za ta biyo ka!"

"Ni ban san doka ba ce," ya ce yana sosa ƙeya. "Na ɗauka haka duniya take. Kamar yadda in an yi maka tayi sai ka ƙi sau biyu, na uku ka karɓa."

"Kowa da kowa?"

"Har fasto."

Dalva ta share hawaye ta ajiye wannan a ranta. Washegari ta kira ofishin da ya kawo ta, ta ce a yanko mata tikitin gida. Ta ci gaba da aikinta kamar ba komai: ta tashi yara, ta cusa su cikin riguna huɗu-huɗu, ta kai su bakin titi, ta gaida direba da kai kawai. Motar makaranta ta koma zuwa kan lokaci, direbanta kuwa kamar an yi masa rasuwa.

Lahadi ce ranar hutunta. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Arlene.

"Madam, ina so ki koya mini lefse kafin in koma gida."

"Ayya, ba ni da lokaci."

Lahadin gaba ta dawo.

"Ayya, dankalin bana bai yi kyau ba."

Lahadi ta uku an yi sanyin da har hankaka ya sauka yana tafiya a ƙasa. Dalva ta tsaya a bakin ƙofa, gashin idonta duk ƙanƙara. Arlene ta buɗe baki za ta ƙi, sai ta lissafa, ta ga wannan ne na uku.

"Shigo, kina cika mini gida da sanyi."

Na farkon da Dalva ta murza ya fito kamar taswirar ƙasarsu. Na biyu ya manne a katako. Arlene ta ƙwace sandar murzawar, ta nuna mata, ta mayar mata.

"A hankali! Ba faɗa kike da shi ba. Wa ma za ki yi wa a can?"

"Kakata. Haƙoranta sun ƙare, wannan zai yi mata."

"Da gaske tafiya za ki yi?"

Dalva ta goge hannu ta nuna mata tikitin a waya. Arlene ta sa tabarau ta karanta shi har ƙasa.

"Na ji Nels ya ce ku je kotu."

"Na ƙi."

"Sau nawa?"

"Sau biyar. Mu a wurinmu a'a, a'a ce. Ina son sa, Madam, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ƙara ɗaukar abin da ba a miƙo mini ba. Sau ɗaya na yi na ga yadda aka yi."

Arlene ta juya lefsen da ke kan wuta.

"Shekara arba'in ina yin abin nan. 'Ya'ya uku, ba wanda ya taɓa cewa in koya masa." Ta ja hanci. "Marigayi mijina, Orville, shi ke cin guntun ƙarshe. In baƙi sun watse sai ya laɓe bayan ƙofar nan ya cinye, wai ban sani ba. Shekara shida ke nan guntun yana bushewa a firji, in watsa wa tsuntsaye. Da kika ɗauka, sai na ji kamar nasa kika ci."

"Wayyo, ki yafe ni. Ban sani ba."

"Ina za ki sani?" Sannan a hankali ta ce, "Ya yi daɗin da gaske?"

"Madam! Har fa tambaya na yi ko akwai saura!"

Arlene ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta. Murhun na lantarki ne.

Ranar Kirsimeti aka sake taruwa bayan coci, mutum goma sha bakwai ɗin nan dai. Aka ci lefse, rabinsa zagayayye, rabinsa taswira. Saura ɗaya. Wani kawu ya ɗauki wuƙa.

"Ajiye," in ji Arlene. Ta tura farantin gaban Dalva. "Ɗauki."

"A'a, na ƙoshi."

"Ɗauki mana."

"Haba, a bar wa wani."

"Ke! Kada ki lalace kamar su. Ci!"

Dalva ta ɗauka sukutum. Kafin ta haɗiye, Arlene ta zaro fom daga aljihun rigar girkinta, duk shatin cokali a jikinsa, ta dire gaban Britta da biro.

"Ai Mama, da an bari sai..."

"Ke kuma ba tayi nake miki ba. Sa hannu." Ta juya kan Nels. "Kai, tun Ranar Godiya kake riƙe da magana a baki kamar ƙashin kifi. Faɗe ta mu huta."

Ya faɗa, da in-ina. Ba a kotu aka ɗaura ba, a cocin garin ne da bazara, kakar amarya a layin gaba da ludayinta a jaka, in ji waɗanda suka leƙa.

Da Dalva ta bi Nels kotu a ranar fushi, da ta sami miji ta rasa uwa. Ta yi haƙuri, ta koma da ladabi ƙofar da aka rufe mata sau biyu, ta sami duka biyun. Ita ma Arlene ta gane ba a yanke wa baƙo hukunci a kan loma ɗaya, tun ba a tambaye shi yadda ake ci a gidansu ba. Har yanzu a garin ana raba guntun ƙarshe, ban da gida ɗaya. A can in wani ya ɗauki wuƙa, sai tsohuwa ta buge masa hannu ta ce, "Da mai shi."